Kwalbar Husaina

Lahadi, bayan la'asar, sha ɗaya ga Sha'aban

Littahin ga na ajin yaƙi da jahilci na, cikin buhun gero nis same shi da munka kwance kaya. Rabinai ba rubutu. Hannuna bai da kyau, to wa za shi karanta? Abin da ba ni iya hwaɗi gidan mutane, in hwaɗe shi nan.

Muna Gummi, gidan Dija, ƙanwar marigayi maigidana Lado. Ta ba mu ɗakin da take aje tarkace. Mu huɗu: ni, da surukata Mardiyya, da 'yan biyunta Hasana da Husaina, ba a yaye su ba tukuna. Ubansu ɗana na hwari na, ba ni kiran sunanai. Ran da munka gudo daga Zugu yac ce mu yi gaba, shi kwanto shanun huɗa shi biyo mu. Mun yi gaba.

Kwanonai na cin tuwo na taho da shi. Kullum marece ina zuba mishi in ruhe. Da sahe awakin Dija su ci.

Zahi ake kamar ana toya mutum. Rijiyar gidan ta koma laka, ruwan gulbi ake saye ga 'yan garuwa.

Talata, da hantsi

Hasana ta kwana amai. Da gari yaw waye zawo yab biyo, ruwa tsululu, ko gutsuri babu ciki. Kamin rana ta ɗaga Husaina tab bi sahu. Komi nasu tare.

Dija tac ce haƙori na. Nic ce haƙori na. Sai dai na ji gidaje da yawa unguwar ga hakan ake ciki, kuma ban taɓa jin ɗiyan unguwa guda sun haɗa baki sun hidda haƙori rana ɗaya ba.

Dija ta sawo kapso ja-da-yalo ga mai talla, tac ce a hwasa cikin kunu a ɗura musu. Mardiyya tad durƙusa tak karɓa hannu biyu, tac ce, "An gode, Gwaggo." Daga baya nig gane shi soke ga azarar ɗaki, ko ɓarewa ba ta yi ba.

Yarinyar ga tun da anka kawo ta gidanmu ban taɓa jin muryarta ta ƙetare zana ba. Ni na daɗe da aza ta lagwani.

Na ruhe kwano.

Laraba, bayan azahar

Mun je asibitin sha-ka-tahi. Nic ce Mardiyya ta ba ni ɗaya in goya, tad dibi ƙahwahuna tac ce, "Inna ki dai riƙo buta." Tag goya Hasana, taɗ ɗauki Husaina ga kahwaɗa, cikin ranar ga. Ni ka haki a baya da buta.

Ma'aikacin wurin wani yaro na, Nuruddeen, kowa likita ka ce mai. Ya ja hwatar cikinsu ya saki, ya dibi ido da harshe, ya tambayi kalar kashin. Sannan yac ce ba allura, ba kapso.

Nic ce, "Kai ɗan nan, tun daga gindin gulbi munka tako, ka ce mu koma hannu banza? In magani ya ƙare ka hwaɗi, ba kunya ba ta."

Yay yi dariya yac ce, "Inna, magani na nan. Ƙwayar cutar da ka sa zawo iri-iri ta, ido bai ganinsu. Wagga da ta kama unguwarku, mai amai da ruwa zalla, bairos muke ce mata. Kapso bai taɓa ta, ko buhu anka ɗura ma yaro. Da kanta take hita. Abin da ka kashe yaro shi na ruwan jikinai shi ƙare kamin ta hita. Akwai wata kuma, bakteriya, wani irin nata shi ka ƙwaƙule hanji har jini shi zo. Ita tana da magani. In kun ga jini ku sheƙo."

Ni ga yadda nij ji ta. Ɗaya kamar tsuntsayen jan-baki ta, su sauka kan shinkahwa su yi ɓarna su wuce, kai dai ka tsare abin da yar rage. Ɗaya kuma gara ta, tana ciki tana ci, in ba ka tono ta ba rumbu shi zube.

Ya ba mu ƙunshin gishiri da sukari da wata 'yar ƙwaya ta zin mai gyaran hanji. Yac ce a tahwasa ruwa, kuma kada a hana nono. Da yag gama, Mardiyya tam maida mai maganatai kakab kamar mai biya karatun allo. Yac ce, "To ke kin riga ni gamawa."

Alhamis, da magariba

Zawo. Wanki. Zawo. Na ruhe kwano.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta yadda Mardiyya take yi, don ni na haihi ɗiya, na ruhe wasu da hannuna, ban taɓa ganin hakan ba.

Mu dauri in yaro na zawo ruwa muke janye mai, wai kada a ƙara ma wuta kara. Ita kau sai ta miƙe ƙahwa, ta aza ɗaya dama ɗaya hagu, da moɗa tsakiya. Cokali ga wagga, cokali ga waccan. Su amayo. Ta goge, ta ɗan jira, ta sake. Ba ta hushi, ba ta lallashi da yawa. In sun ƙi cokali ta ba su nono, in sun saki nono ta koma cokali. Nonon ma ya ragu tun ran da munka hito, amma tana matsa ma kanta kunun kanwa tana sha kamar magani don shi kawo.

Itacen tahwasa ruwa ya zama abin magana. Dija ta hwara cewa mutanen ƙauye sun zo da sarauta, ruwan da kowa ka sha su sai an dahwa musu kamar shayi. Da sassahe Mardiyya ta hita bayan gari ta roro kara da kashin shanu, ta dawo kamin su tashi.

Hannu kau ta wanke shi da toka har ya yi hwari. Ni ma ta sa ni, ba da baki ba. Buta da toka kawai take aje mani gaba in na hito bayan gida, ta sunkuyar da kai. In ƙi? Na wanke.

Lahadi, da hantsi

Hasana ta miƙe. Ta sha ɗan kunu, ta bi kazar Dija da muciya. Nic ce, "Ƙawata, ashe ba ki tahi ba, ni da nike shirin gadon 'yan kunnenki."

Husaina jiki zahi rau. Tana yunƙuri tana kuka, abin da ka hitowa kaɗan, majina-majina. Da Mardiyya tak kai tsumman bakin ƙohwa ga haske munka gani tare. Jini.

Asibitin ruhe yake yau.

Litinin, da azahar

Tun ba a buɗe ba muna ƙohwa. Nuruddeen ya diba, bai yi dariyar rannan ba. Yac ce atuni na. Cikinta ya riga ya yi laushi da zawon hwari, sai ta biyun tas samu hanya, ko ta ruwa ko ta ƙuda ko ta hannu. Garar kenan.

Da za shi yanka kati yat tambayi sunan uba. Ni ba ni hwaɗi, ita ma mace ba ta kiran sunan miji gaban uwatai. Sai tac ce, "Muttaka." Sarai, ba rawar murya. Yac ce yana ina? Tac ce, "Yana tahe."

Ya ba da kwalba guda, maganin ruwa ja-ja, da cokalinta na roba. Yac ce na Husaina na ita kaɗai, sahe da marece, har shi ƙare, ko ta warke kada a tsaya. In anka rage awo ƙwayar ba ta mutuwa, sai ta yi taurin kai ta dawo. Kuma a raba musu cokali da moɗa da kwano.

Nic ce, "Likita, 'yan biyu na hwa."

Yac ce, "Inna, huskarsu ɗaya, hanji kowa da nata."

Yaro na, bai san 'yan biyu ba.

Litinin dai, bayan magariba

An yi ta.

Kowa ya san ba a ba ɗan biyu abu a hana ɗan'uwanai. Riga iri ɗaya, kwano ɗaya, ko ƙuli-ƙuli guda na sai a hwasa biyu. In ka bambanta su sunka yi hushi, girki shi ƙi dahuwa, kunama ta cika gida, ko wanda anka hana shi yi zuciya shi koma inda yah hito. Kakanninmu ba mahaukata ba na.

Da taz zuba ma Husaina, Hasana tam miƙo baki tana "ni ma, ni ma." Mardiyya tar ruhe kwalba. Yarinya tah hwaɗi ƙasa tana birgima.

Dija tah hito da muciya hannu. "Ke Mardiyya, haukan gudun hijira ya kama ki? Lasa mata ko ɗigo! Ki raba biyu, mi za shi ragu?"

Ni ma nic ce ta raba. Na hwaɗa da ƙarhi, gaban matan gida duka. Tunanina, rabin magani da zaman lahiya ya hi cikakke da hushin 'yan biyu.

Sai tad durƙusa gabana, kai ƙasa, tac ce, "Inna, ki zage ni, ki buge ni, ban ɗaga kai. Amma kwalbar ga ba ta rabuwa. In na raba, Hasana ta sha abin da ba ta bukata, Husaina ta rasa abin da za shi tashe ta. Na hito da biyu. Biyu zan nuna mishi."

Tat tashi taƙ ƙulle kwalbar ga haɓar zanenta, tas soke ƙugu.

Na tahi na ruhe kwano.

Talata, da la'asar

Dija ta aza wake tun hantsi, har yanzu kamar tsakuwa. Ta kira maƙwabta su gani. Ni na san waken bara na, kuma ba ta sa kanwa da wuri ba, amma ban hwaɗi ba, don ni ma tsoron hushin nike.

Tac ce mani, "Yaya, na ba ku ɗaki don zumunci, ban ba ku don a jawo mani bala'i ba. In nig ga kunama guda gidan ga, ko a raba maganin ko ku nemi wani wuri."

Wani wuri ina? Makarantar da anka zuba mutanen ƙauyukanmu, masai guda ga jama'a kamar kasuwa? Can Husaina ba ta kwana biyu.

Hasana ta ƙi kallon uwarta yini guda. Husaina kwance, ido ya zurma, kuka ma ba hawaye. Cokali dai, cokali dai.

Laraba, bayan asuba

Na taka ƙaya wajen alwala. Ƙahwa ta kumbura. Ba komi.

Laraba, da marece

To, littahi na, ba Dija ba. Ba ƙaya ba ta, kunama ta. Gindin randa take, baƙa, ƙatuwa. Zahin ya hau mani har matsematsi. Na danne ta da takalmi, na tura ta masai, na cusa gehen zane baki don kada a ji ni. Na yi sallata zaune.

Dija ta tambaya mi as sami ƙahwata, nic ce ƙayar aduwa. Tac ce aduwa cikin gida? Nic ce cikin karan da anka roro taz zo.

Mardiyya ta kawo ruwan ɗumi da albasa tana gasa mani. Tad dibi wurin da kyau, tad dibe ni. Nic ce, "Mi kike kallo? Ba ki taɓa ganin ƙaya ba?" Tac ce, "Na gani, Inna. Mai ƙari ga wutsiya." Sai tac ci gaba da gashi. Na ji ɗigon ruwa ga ƙwabrina wanda ba na tsumma ba, ban ɗaga maganar ba.

Ko Hasana ta turo ta, ko zahi yak koro ta, Allah shi ya sani. In hushin na, to ya sauka inda ya kamata, kan tsohuwa mai ƙahwar banza.

Da rana ta yi sanyi Mardiyya ta hita da su biyun. Ta dawo da wata kwalba wohi irin waccan sak, da wani cokalin roba, ta roƙo wurin Nuruddeen. Ta tahwasa su. Ta ɗibi soɓorodo kaɗan ta dahwa, ta tace, ta sirka da dahwahhen ruwa tana ɗagawa ga haske har kalar ta zo ɗaya da ta maganin. Ta ɗaura ma ta Hasana zare ga wuya don kada su rikice.

Da lokaci yay yi taz zaunar da su tsakar gida gaban kowa. Tac ce, "Hasana babba, ke za ki hwara." Yarinya tal lashe cokali tana lumshe ido, tad dibi Husaina wai ta riga ta. Sannan anka ba Husaina nata.

Dija taɗ ɗauki mai zaren tas shinshina. Tac ce, "Ikon Allah. Likitan ga cikin tukunyata yake aje maganinai?" Mata sunka hwashe da dariya. Tac ce, "'Yan biyu za ki yi ma wayo, ke 'yar ƙauye?"

Mardiyya tac ce, "Gwaggo, kowa da kwalbarta, kowa da cokalinta, hannu ɗaya ya ba su. In da saura a gaya mani in cika."

Dija tad dibi Hasana na miƙo baki a ƙara. Tac ce, "Tun da mai abu ta karɓa, ni wa?" Tak koma ɗaki. Can sai ga ta da ƙullin soɓorodo, taj jeho ma Mardiyya, tac ce a riƙa yin sabo kullum kada shi yi tsami.

Alhamis, da hantsi

Jini na nan.

Juma'a, da marece

Wani mutumin Zugu, Ɗanmusa, ya zo bisa babur. Ya tsaya zaure yac ce da ni yake son magana. Na ɗingisa na je. Ya ga shanun. Bai ga mai su ba. Sauran maganar ba ni rubuta ta, don shi ma ji yay yi.

Da nij juyo, Mardiyya na bayan zana tsaye. Ta ji duka. Nic ce yanzu za ta zube, in rasa wa zan kama, ita ko ɗiyan.

Tad dibi inuwar katanga tac ce, "Lokacin magani ya yi."

Na tsaya ina kallon hannunta tana zubawa. Cokalin ya cika daidai bakin zanen awo, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ba Hasana, ta ba Husaina, ta wanke cokula kowane daban, ta ƙulle kwalba. Sannan tas shiga bayan gida da buta tad daɗe.

Ni da nic ce lagwani. Allah shi yahe mani bakina.

Na ruhe kwano.

Asabar, da azahar

Ba jini tun jiya marece. Zahin jiki ya sauka. Ta kama nono da ƙarhi har uwar tac ce wash.

Dija tac ce to alhamdu lillahi, a aje sauran maganin, gidan da ke da ɗiya bai rasa ranar bukata. Kamin Mardiyya ta durƙusa nir riga ta. Nic ce, "Dija, in kin tono gara kina barin uwar don ta yi miki gadin rumbu?" Tac ce, "Yaya, yaushe kika zama likita?" Nic ce tun ran da nit taka ƙaya.

Litinin, bayan la'asar

Kwalba ta ƙare. Ta ɗauraye ta da ɗan ruwa ta ba Husaina har ɗaurayen. Ta Hasana ma anka tsaida rana ɗaya, kada a ce an bambanta.

Mun koma asibiti, wannan karon na bar buta na ɗauki Hasana da ɗingishina. Nuruddeen ya ja hwatar cikin Husaina, ta koma nan take. Yac ce a ci gaba da 'yar ƙwayar zin har ta ƙare, a ba su abinci sosai, a ci gaba da dahwa ruwa. Yac ce wasu da yab ba irin kwalbar ga sun dawo mai da ɗiya jiki ya hi na da lalacewa, don gida duka anka sha. Yat tambayi Mardiyya ajin da tak kai makaranta. Tac ce allo kawai.

Nic ce, "Surukata ta." Ban san mi as sa nih hwaɗi ba, ai ya sani.

Alhamis, bayan magariba

Ana ta diban wata, wai ko gobe ko jibi a ɗauki azumi.

Husaina ta tashi da yunwa kamar kura. Ƙahwahunta sun zama kara, amma tana takawa, tana dahe bango. Mardiyya ta ce sati mai zuwa za ta hwara surhe gidajen mutane, kada mu zauna kan Dija da azumi. Ban hana ta ba. Wa ka hana wagga?

Na tuƙa tuwo, na zuba nashi na ruhe na aje inda nike ajewa. Na shiga sallah. Ina zaman tahiya nij ji ƙarar murhi ya hwaɗi. Da nis sallame nij juyo, ga su su biyu sun sa kwanon tsakiya, hannu dumu-dumu cikin miyar kuka, wagga na tura ma waccan baki.

Mardiyya tas sheƙo za ta ɗauke, tana "Inna yi haƙuri, ban gani ba."

Nic ce, "An wanke musu hannu?"

Tac ce, "An wanke."

Nic ce, "To bar su. Na ubansu na."

Sun siɗe shi tas. Na wanke kwanon na kihe. Gobe ma nan zan zuba musu.